Na ga keken ɗinkin matata a gidan wanda muke sujada tare: yaya ake yafe irin wannan?

Bulus (Madani):
Salama gare ku 'yan'uwa, Musulmi da Kirista. Na san mu Kirista ba mu da yawa a wannan zaure, amma nan ne nake da mutanen da zan yi wa magana da Hausa su gane ni har ciki.

Wasunku sun san mun bar Madani, nan Sudan, a Disambar 2023 da 'yan Da'am, wato dakarun RSF, suka shigo, muka zauna a Gadarif. Sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025, daga baya muka koma. Gida tas. Ba firji, ba faifan sola, ba katifu, har wayar lantarki an zare daga bango. Ban yi mamaki ba, duk unguwa haka take. Na sa a raina 'yan shafshafa ne, wato masu wawashe gidajen mutane, da ban san fuskarsu ba, na yi addu'a na bar su da Allah.

Sai Maman Saratu ta je gaisuwar rasuwa gidan wani ɗan'uwa da muke sujada tare, wanda shi bai gudu ba. Ta ga kekenta na ɗinki a ɗakinsu. Ba kama ba ce. Akwai inda fedar ta taɓa karyewa na kai aka yi mata walda, tabon yana nan. Da na same shi ya ce ajiye mana ya yi. To in ajiya ce, me ya sa wata da watanni muna gari bai ce uffan ba? Maƙwabta sun gaya mini da idonsu suka ga ɗansa ya fita da firjinmu a amalanken jaki. Shi ya ce bai san zancen ba.

Mutumin nan shi ke ɗaga waƙa a sujada. Dattawan ikilisiya sun ce in karɓi keken in yafe, a bar maganar, ai yaƙi ne. Ranar Lahadi akwai jibin Ubangiji, inda muke cin gurasa tare don tunawa da mutuwar Yesu. Ina so in yafe, Allah ya sani. Amma da na ji muryarsa sai ƙirjina ya cika. Me zan yi?

Hajiya Zainabu (Kasala):
Innalillahi. Sannu Baban Saratu, ka gaida mini Maman Saratu. Ita ta fi ba ni tausayi. Da keken nan take ciyar da yara, ta je gidan makoki ta gan shi, dole ta haɗiye ta yi gaisuwa ta fito.

Sista Rifkatu (Gadarif):
Yaya Bulus, ka yafe. Ba don ya cancanta ba. Kullum muna cewa "ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi". Wannan addu'a sharaɗi muke ɗaura wa kanmu da bakinmu. Bitrus ya tambayi Yesu ko sau bakwai ya isa, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Sannan ga misalin bawan nan a Matiyu 18 da aka yafe masa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa kan dinari ɗari. Ina aiki da mutanen da suka rasa komai, kuma ina gani: wanda ya riƙe abu a rai, barci yake fara rasawa, sai abinci, sai hawan jini ya biyo.

Yohanna (Bur Sudan):
Sista, ki ƙara da Luka 17:3. Cewa aka yi in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. IN YA TUBA. Wannan bawan Allah bai tuba ba, ƙarya ma yake ƙarawa a kan sata. Me za a yafe wa wanda ya ce bai yi ba?

Sista Rifkatu:
Waɗanda suka kafa wa Yesu ƙusa sun tuba ne kafin ya ce "Ya Uba, ka yi musu gafara"? Istifanas fa, ana jifansa yana roƙa musu.

Yohanna:
Roƙa musu ya yi wurin Allah. Bai ce su zo su ɗaga waƙa ranar Lahadi ba.

Sadik (mai kula da zaure):
A ci gaba, amma a hankali. Kuma don Allah kada kowa ya tambayi sunan mutumin ko unguwar.

Fasto Ayuba (Bur Sudan):
Salama. Baban Saratu, na karanta saƙonka na kuma karantawa. Rifkatu da Yohanna duk nassi suka kawo, ba wanda ya yi ƙage. Amma kafin in shiga tsakaninsu, akwai abin da ya fi damuna, kuma zan faɗa duk da dattawan can ba sa nan su kare kansu: sun kama mutumin da ba shi ya kamata su kama ba.

A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in kana miƙa baiko a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan, ka je ku shirya tukuna. Wa ake yi wa maganar? Wanda aka riƙe a rai saboda abin da ya aikata. Ba kai ne za ka ji tsoron teburin Ubangiji ba, Bulus. Mai ɗaga waƙar ne ya kamata ya ajiye waƙarsa ya ƙwanƙwasa ƙofarka. Na ga wannan a ikilisiyoyinmu tun daga Filato har Hartum: wanda aka cuta shi ake matsa wa, domin shi ne mai kunya, shi zai ji magana. Mai laifin kuwa ana tsoron bakinsa, ko ana bukatar muryarsa, sai a bi shi da lallami. Daga nan a ce an yi sulhu.

Kuma Littafi bai yi shiru kan ajiya ba. Ku duba Littafin Firistoci 6, daga farko. An ambaci wanda ya ci amanar maƙwabcinsa kan abin da aka ba shi ajiya, ko ya ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi ƙarya a kai. Hukuncin shi ne ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. Mayarwa tana gaban hadaya. Zakka ma da Yesu ya shiga gidansa a Yariko, tashi ya yi ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. A nan ne Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan.

Abin da ke wuyanka kai, Bulus, shi ne ka ajiye ramuwa. Kada ka yi masa fatan sharri, kada ka bi gida gida kana ɓata shi, in ka ji yunwa ta kama yaransa ka kai musu abinci. Wannan ba ya jiran tubansa, a nan Rifkatu ta fi ƙarfi. Amma komawa ku zauna kamar da, ka bar masa makullin gidanka, ku tsaya gaban jama'a a ce komai ya wuce, wannan aikin mutum biyu ne, kai kaɗai ba za ka iya ba. Bulus manzo da kansa cewa ya yi in mai yiwuwa ne, iyakacin abin da ke hannunku, ku zauna lafiya da kowa. Ya san akwai inda ba ya hannunka.

Bulus:
Na gode Fasto. Amma ko na ce na ajiye ramuwar, zafin bai tafi ba. Jiya na yi addu'a na ce na yafe, da safe na gan shi a layin burodi sai na juya. Ke nan ban yafe ba?

Sista Rifkatu:
A'a Yaya, ka yafe, ciwon ne bai warke ba. Gobe ma ka sake faɗa wa Allah. Ka san labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, suka fara aikin sulhu tare. Amma Wuye ya faɗa da bakinsa cewa shekaru bayan sun fara tafiye-tafiye tare, zuciyarsa ba ta daina raya masa ya yi wa Ashafa illa ba. Yana aikin zaman lafiya da rana, da dare yana kokawa da kansa. Ni 'yar Kafanchan ce, na san abin da ake nufi da mutum ya ga wanda ya ƙona layinsu yana sayar da tumatir a kasuwa.

Malam Usman (Maiwurno):
Assalamu alaikum. Ni ba Kirista ba ne, ba zan yi muku fatawa da littafinku ba. Amma Malam Bulus ya kira mu duka, kuma na zauna cikin ajawid, wato dattawa masu sasanci, ba sau ɗaya ba, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani a judiyya, zaman sulhunmu na gargajiya.

Ba mu taɓa fara zama da "ka yafe" ba. Da ƙirga muke farawa. Shanu nawa, buhu nawa na dawa, wa ya ɗauka, wa ya gani. Mai laifi ko babban gidansu ya amsa a gaban mutane. A yanka abin da za a biya, a faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji. Bayan nan ne mai haƙƙi yake tashi ya ce na bar rabi, ko na bar duka saboda Allah da darajar waɗannan dattawa. Sau da yawa ma ba a biyan ko sisi. Amma an faɗa. In ka hana mutum jin an faɗi abin da aka yi masa, ka ce ya yafe, ka cuce shi sau biyu. Allah ya ce a Suratus Shura sakamakon cuta cuta ce kwatankwacinta, wanda ya yafe kuma ya gyara, ladansa yana ga Allah. An fara tabbatar masa da haƙƙinsa, sannan aka kwaɗaita masa bari.

Annabi Yusufu muna da shi tare da ku. Ya ce wa 'yan'uwansa babu zargi a kanku yau. Amma sai da suka ce lalle mun kasance masu kuskure.

Fasto Ayuba:
Allah ya gafarta Malam, haka yake a wurinmu ma. A Farawa 44 Yusufu ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun Biliyaminu don ya ga ko za su sake yar da ƙanensu kamar yadda suka yar da shi. Sai da Yahuza ya ce a riƙe shi bawa a sako yaron, sannan Yusufu ya fashe da kuka ya bayyana kansa. Tun zuwansu na farko ya cika musu buhuna ya mayar musu da kuɗinsu, bai bar su da yunwa ba. Amma sai da ya ga sun sake hali ya ce musu ni ne Yusufu.

Yohanna:
To mun zo wuri ɗaya ke nan. Ni abin da ba na so shi ne a riƙa yi mana wa'azin Bakhita don a rufe mana baki. Duk wanda aka zalunta a ƙasar nan sai a ce ka ga Bakhita, ta ce za ta sumbaci hannun waɗanda suka sace ta.

Fasto Ayuba:
Masu wa'azin suna tsallake rabin labarin ne, Yohanna. Ga waɗanda ba su sani ba: Josephine Bakhita 'yar Darfur ce, an haife ta wajen 1869. Masu fataucin bayi suka sace ta tana yarinya, har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. An sayar da ita a Al-Ubayyid da Hartum. A wani gida an tsattsaga mata jiki da aska wuri 114, ana cusa gishiri a ciki. Daga baya wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta, ta tafi Italiya a 1885. Ta rasu a 1947, Cocin Katolika ta ayyana ta cikin tsarkaka a 2000. Gaskiya ne ta yafe wa waɗanda suka yi mata wannan, har tana yi musu addu'a. Amma a 1889, da uwargidan da take yi wa hidima ta zo za ta koma da ita Sawakin, Bakhita ta ce ba ta zuwa. Aka kai magana gaban hukuma a Benis, aka yanke cewa ita 'ya ce, ba baiwar kowa ba. Matar da ta yafe ita ce matar da ta tsaya a gaban masu iko ta ce a'a.

Hajiya Zainabu:
Ban taɓa jin wannan ɓangaren ba. Malam Bulus, ni shawarata ta mata ce. Kada a yi zaman nan ba da Maman Saratu ba. Kekenta ne. Kada maza su taru su yafe abin da ba nasu ba.

Bulus:
Hajiya kin taɓo inda yake ciwo. Dattawan ba su ko tambaye ta ba. Ta ce mini ita firjin ba ya damunta, ta san yunwar da aka sha a garin, wataƙila da shi suka sayi gari. Abin da take so matar mutumin ta dubi idonta ta ce mun ɗauka. Zan koma wurin dattawa in ce a bi Matiyu 18: na riga na same shi ni kaɗai, yanzu a ba ni mutum biyu mu koma, da matanmu. In ya amsa, na bar masa firjin da solar, ba na bukatar ya biya. Jibin kuwa zan ci.

Abakar (Rabak):
Ina karanta ku tun ɗazu. Malam Bulus, Allah ya mayar maka da alheri, ban raina abin da ya same ka ba. Amma ku kuna maganar keke da firji. Ni yayana aka kashe a Rusairis ta jihar Blue Nile a Yulin 2022, a ƙofar shagonsa. Mutum fiye da ɗari suka mutu a watan, a Oktoba kuma aka sake yi a Wad al-Mahi, ya fi na farko muni. Duk a kan maganar ƙasa da neman Hausawa su sami sarautarsu a tsarin gargajiya, kamar kakanninmu ba su yi shekara da shekaru suna noma a bakin kogin nan ba. A farkon 2023 manya suka taru a Damazin suka sa hannu a takarda. Ba wanda ya zo ya tambayi matar yayana komai. Gonarmu tana hannun wasu. Wanda ya yi, na san fuskarsa, mun yi ƙwallo tare muna yara. Fasto, a addininku ni ma cewa za a yi in yafe?

Fasto Ayuba:
Abakar, Allah ya ji ƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Ba zan ɓoye maka ba: in da kai ɗan ikilisiyata ne, i, zan ce maka kada ka ɗauki fansa da hannunka, domin an rubuta ramuwa ta Allah ce. Amma ba yau zan faɗa maka ba, kuma ba ta waya ba, sai na zauna da kai na ji sunansa da na 'ya'yansa. Kuma wasiƙar da ta hana mu ramuwa, Romawa, a sura ta gaba ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, an sa shi ne ya hukunta mai mugunta. Kirista yana iya yafe wa wanda ya kashe ɗan'uwansa, ya kuma tsaya a kotu ya ba da shaida a kansa. Neman gonarku ba rashin yafiya ba ne.

Takardar manya kuwa, mun ga irinta. A 2019 Fafaroma Francis ya durƙusa a Batikan ya sumbaci ƙafafun Salva Kiir da Riek Machar, shugabannin Sudan ta Kudu da suka yaƙi juna, yana roƙonsu su riƙe zaman lafiya. Duniya ta girgiza, amma mutanen ƙauyukan Kudu sun san jinin da ya ci gaba da zuba. Wanda na fi ganin ya yi tasiri shi ne taron Wunlit na 1999, da majalisar ikilisiyoyi ta shirya tsakanin Dinka da Nuwer. Kwanaki aka ɗauka kowane ɓangare yana faɗin abin da aka yi masa, ɗayan yana zaune yana ji ba katsewa. Sannan aka shiga maganar mata da yaran da aka sace, da wuraren kiwo da na kamun kifi, da wanda zai koma ina.

Abakar:
Mu ba a yi mana haka ba.

Malam Usman:
Ba a yi ba, ɗana. Kuma shari'a ta ba ku zaɓi uku a jini: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Na masu jinin ne, ba na gwamna ba, ba na umda mai sarautar gargajiya ba. Ba wanda ya isa ya yafe a madadinku, kamar yadda ba wanda ya isa ya ɗauki wuƙa ya ce shi ne alƙali.

Abakar:
Ni na girma, Baba, zan iya haɗiyewa. Damuwata babban ɗansa ne. Yana gani aka yi. Yanzu ya kai sha shida, makaranta ta tsaya, yini yake a tasha. Kwanan nan na ji yana ce wa abokansa zai shiga masu ɗaukar makami, in ya iya harbi ya san inda zai fara. Uwarsa ba ta barci.

Sista Rifkatu:
Abakar, kada ku yi masa wa'azin yafiya yanzu, ba zai ji ba, zai ɗauka kun sayar da babansa. Yaron da ya ga irin wannan yana bukatar wanda zai bar shi ya faɗi abin da ya gani tun daga farko har ƙarshe, ko sau nawa ne, ba tare da an ce masa yi shiru kai namiji ne ba. Ka lura ko yana firgita cikin barci, ko ƙarar babur tana sa shi zabura. Akwai masu aikin kula da irin waɗannan yara a wajen Kosti, zan tambayi abokan aikina in turo maka ta akwatinka. Sannan a cire shi daga tashar nan, can ne masu ɗibar yara suke zagayawa.

Yohanna:
Kuma a rubuta komai, Abakar. Ranar, wurin, waɗanda suka gani, takardun gonar in akwai. Yaron ya ga ana rubutawa, ya san ba a bar maganar babansa ta bi ruwa ba.

Malam Usman:
Turo mini shi Maiwurno. Ina da gona a bakin kogi, ina da almajirai sa'anninsa, akwai kuma wani ɗana mai gyaran injin ban ruwa da ke neman yaro. Ya yi sana'a da rana, da dare mu yi karatu. Amma ka shawarci uwarsa tukuna, in ba ta yarda ba kada ka matsa.

Abakar:
Zan same ta yau bayan la'asar. In ta amince ni zan kawo shi da kaina ta Sinnar, ba zan sa shi mota shi kaɗai ba. Baba, ka turo mini lambarka ta akwati.